Mai Buɗe Tagogi

A layin nan ba a tambayar mutum sana'arsa, sai dai a tambaye shi wa yake da shi a waje. Mai kanti ba ya sakar maka fuska sai ya san kana da ɗa, ko miji, ko ƙanwa a wata ƙasa. Mai nama kuwa ya fi masu kuɗin sanin ranar da kuɗi ke sauka, domin ranar ce namansa ke ƙara daraja ba tare da ya ƙara nauyi ba. Samarin da suka rage ba su da aiki sai zaman jiran takardun tafiya. In famfonka ya lalace, sai ka yi ta kiran sunayen masu gyara ana ce maka ai wannan ya tafi, wancan ma ya tafi.

Matar Dogo tana da mutum a waje, shi ya sa ake gaishe ta har da tambayar gajiya. Mijinta yana aiki a ɗakin sanyi na wani kamfanin kifi, yana jera kwalaye tun safe har yamma. Ya tafi 'yarsu tana rarrafe, yanzu ta kamo kafaɗar uwarta. Ana kiranta Auta, ko da yake ita ce ta fari, saboda har yau ba a gano yadda ake haihuwa ta waya ba.

Duk sanda kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, sai Dogo ya ce, "Maman Auta, wannan ne na ƙarshe." Ita kuma ta ce Allah ya yarda. Sai a wayi gari wata buƙata ta tsiro. Yayansa, wanda kowa ke kira Yaya har da waɗanda suka girme shi, shi ne gwanin tsirar da buƙata. Yau rufin ɗakin Tsohuwa mahaifiyarsu, gobe maganinta, jibi wani ɗan uwa da ba a taɓa jin labarinsa ba ya shiga matsala. Yaya ba mugu ba ne. A da mai gyaran famfo ne na gani na faɗa, har kuɗin ƙaninsa suka fara zuwa. Sai ya tura akwatin kayan aikinsa ƙarƙashin gado, ya sayi kujerar roba ya kafa a ƙofar gida. Tun daga nan aikinsa ya koma ba da shawara.

A hutun Dogo na ƙarshe ne matarsa ta ga abin da ya hana ta sukuni. Da safe ya tsaya yana kokawa da maɓallin rigarsa, yatsun sun ƙi lanƙwasa. Ta matso ta ɓalla masa, shi kuma ya mai da abin wasa, wai ai gata ya zo nema. Ba ta yi dariya ba. Ta riƙe hannun ta ji shi ƙandas kamar busasshen ice, ta kuwa san in ya ƙara wani zagaye a ɗakin sanyin nan, hannun da zai dawo da shi ko cokali ba zai riƙe ba. Ita ba ƙarin kuɗi take so ba. Mijinta take so a gida, yatsunsa suna motsi.

Kamar kowane mai zuciya a layin, Dogo ya gina gida. Yana can ƙarshen layi inda gidajen 'yan waje suka jeru, kowanne da ƙatuwar ƙofar ƙarfe da tankin ruwa a ka, kowanne kuma babu kowa a ciki. Masu gidajen suna can suna kwana a cunkushe a ɗaki ɗaya, 'yan uwansu suna nan a tsofaffin ɗakuna, gidajen suna tsaye suna jira. Hanyar adana su kuwa ɗaya ce, kamar an haɗa baki. A lulluɓe kujeru da leda, a liƙe tagogi da salatif, a cusa tsumma a ƙasan ƙofa kada ƙura ta shiga, a rufe ruwa, a kashe wuta, a buga kwaɗo. A ganinsu gida kamar sabon takalmi ne, in ba a taɓa shi ba yana nan sabo. Dogo ma haka ya yi, ya damƙa mata makulli ya ce kada kowa ya shiga, tare za su tare in ya dawo.

Bayan wata damina mai ƙarfi ya kira ta ya ce ta ɗauko masa bidiyon falon. Abokan aikinsa suna ta nuna nasu, shi ma yana so ya nuna.

Ƙofar ta ƙi buɗuwa sai da ta sa kafaɗa. Warin da ya tarbe ta ya sa ta ja da baya ta toshe hanci da gefen mayafi. Ledar da aka rufe kujeru da ita ta yi gumi daga ciki, fumfuna ta bi yadin ta yi masa toka-toka. Silin ya yi ciki a kusurwa ɗaya. Ta murɗa famfon kicin da hannu biyu ya ƙi motsi. Ruwan cikin masai ya ƙafe, warin rami ya biyo bututu ya cika gidan, kyankyasai kuwa suka tsaya suna kallonta kamar ita ce baƙuwa. A ɗakin kwana ta ɗaga katifar da ko sau ɗaya ba a kwanta a kanta ba, ta ga ƙasanta ya yi baƙi.

Ta fito ta zauna a kan matakala ta yi kuka sosai, irin wanda ta daɗe ba ta yi ba. Yatsun mijinta ne aka zuba a gidan nan, ga shi yana ruɓewa a rufe. Da kukan ya lafa sai lissafi ya zo mata, kuma shi ya fi tsorata ta. In Dogo ya ga wannan, in Yaya ya ji, to an sami buƙatar da ta fi kowace girma, kuma sunanta sabon kwantiragi. Ta goge fuska, ta tashi ta ɗauki hoton ƙofar ƙarfe daga waje, ta aika masa ta ce wayar ba ta ɗauka da kyau a ciki.

Washegari ta dawo da bokiti da buroshi. Ta ɓanɓare salatif, ta buɗe kowace taga, ta yaye ledoji ta ja kujeru tsakar gida su sha rana. Ba ta san komai game da gida irin wannan ba, gidan ne ya koya mata. Ta gane cewa masai yana buƙatar ruwa a wuyansa, shi ne ke tare wari da ƙwari. Ta gane famfon da ba a murɗawa yana ƙamewa, ƙofar da ba a buɗewa tana kumbura, indararon da ganye ya toshe shi ne ke mai da ruwa cikin silin. Duk bayan 'yan kwanaki sai ta zo ta buɗe, ta murɗa, ta zuba, ta share, ta zauna kaɗan ta saurari iska tana ratsa ɗakunan. Sannu a hankali gidan ya daina wari.

Tana cikin wannan ne Nas ta zo hutu. Nas ma'aikaciyar asibiti ce a waje, gidanta ne ke manne da na Dogo, kuma tun da ta sauka ba ta iya kwana a cikinsa ba. Ta hango labule yana kaɗawa a gidan maƙwabta, ta leƙo.

"Ke ce matar Dogo, ko? Yaushe kuka tare?"

"Ba mu tare ba, Anti. Iska kawai nake ba shi."

Nas ta shigo ba tare da an ce ta shigo ba. Ta shaƙi falon, ta shiga banɗaki ta shaƙa, ta buɗe kabad ta cusa kai. Sannan ta fito ta riƙe ƙugu.

"Ƙanena na bar wa makulli," in ji ta. "Na ja masa kunne kada ya kuskura ya buɗe. Shi kuma yaron kirki, bai buɗe ba. Yanzu hutuna duk ya ƙare a bin masu fenti." Ta laluba jaka ta ciro makulli. "Ki yi wa nawa abin da kike yi wa naki. Zan biya ki duk wata."

Matar Dogo ta ji kunya. Ta ce ai maƙwabtaka ce, ba sai an kawo maganar biya ba.

"A'a, 'yar uwa. Kada ki yi min alheri gobe in ji nauyin yi miki faɗa. Aiki nake so ki yi min."

Ta karɓi makullin. Ba ta iya dogon bayani a waya ba, don haka in ta gama aikin sai ta buɗe famfon kicin ta ɗauki bidiyon ruwan yana zuba, ta juya ta ɗauki labule, ta aika. Ashe abin da Nas ke kallo ke nan duk sanda ta sami sararin shan shayi a asibiti. Ta sa abin a kunne ta saurari ƙarar ruwan famfonta, ta maimaita, ta nuna wa na kusa da ita. Mutumin da ya yi shekaru yana zuba guminsa a gidan da bai taɓa jin motsinsa ba, in ya ji famfon wani yana zuba, shi ma sai ya so ya ji nasa.

Makullai suka fara zuwa. Wasu ta hannun matafiya, wasu daga hannun 'yan uwan da aka ce su miƙa, suna miƙawa suna hura hanci duk da cewa rabonsu da gidan tun ranar da aka buga kwaɗo. Akwai wani direban babbar mota da ya gindaya mata sharaɗin kada ta zauna a kujerunsa. Ta ce to. Akwai wata da ke son a ƙirga mata cokulanta a gaban waya kowane zuwa, wannan kam ta mayar mata da makullinta, ta ce ta nemi mai haƙurin da ya fi nata. Amma yawancinsu ba su son komai sai ƙarar ruwa da hoton labule.

Da aikin ya fi ƙarfinta ta ɗauki mata biyu, duka irin waɗanda mutanensu na waje suka yi shiru, waɗanda layin ya daina gaishe su da kyau. Ta samo mai fenti daga wata unguwa. Mai kanti ya lura da abin da ake yawan tambaya, ya cika gaban shagonsa da tsintsiya da buroshi da ruwan wanke banɗaki, ya kuma ƙara musu kuɗi don kada a ce ya canza hali. Kuɗin dai na 'yan waje ne har yanzu, amma sun daina tsayawa a tukunya da bakin mai nama. Suna bi ta hannun mai aiki zuwa hannun wani mai aikin. Yara suka daina ce mata matar Dogo, suka koma Mai Makullai, saboda tun daga nesa ake jin jakarta tana ƙara.

Wata ranar saukar kuɗi, layin masu jira a shagon karɓar kuɗin waje ya kai bakin titi kamar kullum. Ta tsaya a bayan wata tsohuwa da katinta a hannu, sai ta ga hadari yana haɗuwa, ta tuna ta bar tagogin wani gida a buɗe. Ta fita daga layi da niyyar dawowa gobe. Da goben ta zo sai ta duba ta ga babu abin da ya ƙare a gida. Ta biya wa Auta kuɗin makaranta daga jakarta, ta sayi maganin Tsohuwa, ta ba Yaya kasonsa yadda aka saba, ya karɓa ya sa a aljihu bai san daga inda ya fito ba. Wannan karon ba da niyya ba ne. Wanda ya biyo baya da gangan ta yi. Tana wucewa ta gaban shagon mai shagon yana ɗaga mata hannu yana nuna kwamfutarsa, ita ma sai ta ɗaga masa hannu ta wuce, wani daɗi yana ratsa ta har ƙafa.

Kuɗin da ba a karɓa ba, in sun gaji da jira, komawa suke yi wurin mai su. Tana tsugune a banɗakin wani gida da rana tsaka wayarta ta yi ƙara.

"Maman Auta, lafiya kuwa? Kuɗi sun dawo mini. Ba na wata ɗaya ba."

"Lafiya lau."

"Katinki ne ya ɓata? Ko na yi miki laifi ne?"

"Ba ka yi min komai ba, Baban Auta. Ba mu buƙace su ba ne."

Tana jin ƙugin injin sanyi a bayansa. Sai ta gaya masa komai daga farko, da warin, da katifar, da Nas, da makullai. Bai katse ta ba sai da ta gama.

"Na ce tare za mu shiga," in ji shi, muryarsa a ƙasa.

"Shara na shiga yi. Ban taɓa kwana a ciki ba, ko ruwa ban taɓa dafawa ba. Yana nan yana jiranka, sai dai yanzu mutum zai iya numfashi a ciki." Sai ta ƙara da cewa, "Kwantiraginka ya kusa ƙarewa. Kada ka sabunta."

"Bari in yi tunani," in ji shi. A bakin Dogo kuwa yin tunani yana nufin kiran Yaya.

Yaya ya tashi daga kujerar robarsa, abin da ya daɗe bai yi da rana ba, ya bi layi yana tambaya har ya same ta a gidan direban nan. Ya zo a mummunan lokaci, ko kuma a mai kyau. Bututun ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya fashe, ruwa ya malale kicin, ita da ɗaya daga cikin matan suna ta naɗa masa guntun roba yana fesa musu a fuska.

"Ashe abin da kike yi ke nan," in ji Yaya daga bakin ƙofa. "Matar ƙanina tana wanke masan mutane, kamar ba mu da kowa."

"Sannu da zuwa, Yaya. Ka yi hankali da takalminka."

"Kin san yadda ake kallon gidan da ba shi da mutum a waje? Ki dawo da shi ya zo ya yi me? Ya zauna mace tana ci da shi? Masu gidajen nan gobe in ransu ya ɓaci su karɓe makullansu, sai ku ci ƙarfe?"

Maganarsa ba duka ce banza ba, ita ma ta sani. Ta ci gaba da naɗa robar. Yaya ya ci gaba da faɗa, amma idonsa ya bar fuskarta ya koma kan bututun. Ya yi maganar mutuncin gida yana kallon bututun. Ya yi maganar Tsohuwa yana kallon bututun. Can sai ya tsaya a tsakiyar magana.

"Wa ya ce miki haka ake yi? Kin rufe ruwan daga tanki?"

"Makunnin ya ƙame, Yaya."

Ya yi tsaki, ya naɗe hannun riga. "Matsa."

Ya aika aka jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado. Sifanonin da ke ciki sun yi tsatsa, amma hannunsa bai manta komai ba. Ya kwanta a cikin ruwa da kayansa masu guga, yana gyara yana zagin wanda ya haɗa bututun tun farko. Da ya gama ya buɗe famfo ya tsaya yana kallon ruwan ya fi yadda ake buƙata. Ta miƙa masa ladansa, ya kau da kai.

"Ba don ke na yi ba. Bututun ne ya ba ni tausayi."

Ta ajiye kuɗin a kan akwatin. Da ya tafi ba ta gan su a wurin ba. Da safe kuma sai ga shi a ƙarshen layi da akwatin a hannu, wai wucewa yake yi, ko akwai wani abin da suka ɓata. Bai taɓa cewa ya yarda da ita ba. A ranar ma sai da ya sake kiran ƙaninsa ya ce shi dai a ganinsa a ƙara ko zagaye ɗaya, don tsaro.

Ranar da za a sa hannu a sabon kwantiragi, Dogo ya kira ta lokacin hutun cin abinci. Ya ce yana tsaye a ƙofar ofis, mutane suna shiga ɗaya bayan ɗaya.

"In na dawo me za a ce? Kin san layinmu. Wanda ya dawo da sauran ƙarfinsa, ko an koro shi ne ko ya gaza."

"Za su faɗa. Za su yi ta faɗa har wani ya sayi mota su koma kansa."

"In masu gidajen suka daina fa?"

"Za su iya dainawa. Ban ce maka babu tsoro ba, ni ma ina ji."

"To kin gani."

"Baban Auta, wane hannu ne babu waya a ciki?"

"Na hagu."

"Dunƙule shi."

Ta ji numfashinsa. Ta ji wani ya buɗe ƙofa ya rufe a can.

"Ya dunƙulu?"

"Bai gama ba."

"To ni ba ni da sauran magana," in ji ta. "Na roƙe ka ka dawo. Ban taɓa roƙonka komai ba, ko zane."

Ya ce an kira sunansa, ya kashe.

Ba ta san abin da ta yi da sauran yinin ba. Matan sun ce ta wanke wurin wanke hannu ɗaya har sau ba adadi, ta kulle wani gida ta bar su a ciki. Wayar tana cikin aljihunta shiru. Ta ciro ta duba ko caji ne ya ƙare, ta mayar, ta sake cirowa. Rana ta karkata, sun fara rufe tagogin gidan direban, sannan wayar ta yi ƙara.

"Maman Auta," in ji Dogo, "wace irin jaka kike ganin zan saya? Ban san kayan nawa sun yi yawa haka ba."

Ta zube a kan kujerar direban nan da aka hana ta zama, ta yi dariya hawaye suna zuba, ta ce ya sayi kowace iri, ko buhu ne. Farin cikin da ta ji ya fi na ranar aurenta, domin wancan ba ita ta nemo shi da hannunta ba.

Layin bai ba da kunya ba. Kafin Dogo ya sauke jakunkunansa an gama yanke hukuncin cewa koro shi aka yi. Mai kanti ya tare shi da fara'ar da ake yi wa ɗan hutu, ya tambaye shi yaushe ne komawa. Dogo ya ce babu komawa. Fara'ar ta ragu da rabi, sai kuma ta dawo da Mai Makullai ta turo a ɗauki katan na ruwan wanke banɗaki. Suka tare a gidansu, da Tsohuwa da komai. Yaya ya zagaya ya murɗa kowane famfo yana neman aibu, bai samu ba, ya ce to ba laifi.

Aiki kuwa ya sami Dogo tun kafin ya huta. Tsayinsa ya yi rana wajen tagogin sama da indararo, inda a da sai an ɗauko tsani. Amma babban amfaninsa waya ce. Ya san lokacin da mai gidan da ke waje ke samun hutu, ya san abin da ke damunsa in ya kira yana faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sai ya bar shi ya gama, sannan ya tambaye shi yaya sanyi, yaya ƙafa. Wasu da suka kira don maganar fenti sukan ƙare da tambayarsa a hankali, wai shi yaya ya yi ya dawo. Yatsunsa suka fara saki da zafin rana. Biyu dai ba su taɓa dawowa daidai ba.

Abin da ya fi wuya shi ne Auta. Yarinyar da ke cika shi da surutu a waya in yana can, yanzu in ya shigo ɗaki sai ta gaishe shi da ladabi ta sulale. Shi ma bai san inda zai kama ba. Uwar tana kallonsu, abin yana ci mata rai, amma ta san wannan ba gyaran da za ta yi musu ba ne.

Wata rana da yamma suna zaune a falo, ita tana ware makullan gobe, shi yana shan shayi. Auta ta dawo daga makaranta da gudu, ko sallama ba ta gama ba ta shige ɗakinta. Da gani wani abu ya faru, mai daɗi ko marar daɗi. Jim kaɗan wayar Dogo ta yi ƙara a kan tebur. Ya duba, ya juya wa matarsa fuskar wayar ta gani. Auta ce. Ta bangon suna jin ta tana kai da kawo, tana jiran babanta ya ɗauka yadda ta saba tun tana ƙarama, ta manta sam cewa yana nan a falo.

Dogo ya kai hannu, sai ya tsaya. Ya bar wayar tana ta ƙara a kan tebur, ya ajiye kofinsa, ya tashi ya je ya ƙwanƙwasa mata ƙofa.